Ina Bindigar Soja Take Kwana?



Sharhinmu na yau a kan bindigar hukuma ne, wadda aka saya da kuɗin harajinmu aka damƙa wa soja ko jandarma ko ɗan sanda. Idan mai riƙe da ita ya tashi daga aiki, ina take kwana?

A nan Kamaru, duk lokacin da aka tada zancen makamai, farar hula ake juyowa a kalla. Dokar ranar 14 ga Disamba 2016 ta kasa makamai kashi takwas, ta fayyace wanda zai riƙe wanne da kuma izinin da zai nema. A watan Afrilun 2018, ministan cikin gida Paul Atanga Nji ya hana sayar da bindiga da harsashi a jihohi shida, har da tamu ta Littoral, yana cewa bindigogi sama da 27,000 ne a hannun jama'a, alhali takardun izinin da aka bayar ba su wuce 3,800 ba. To, madalla. An ƙirga ta talaka. Ta gwamnati fa, nawa ce take fita daga ma'ajiya a kowace shekara ba ta koma ba? Wannan lissafin ma haƙƙinmu ne mu ji shi.

Ku leƙa kasuwar Sandaga da tsakar dare, lokacin da manyan motocin albasa daga Marwa da Garwa ke sauke kaya, tumatirin Fumbot na shigowa, 'yan dako na kai da kawowa da buhu a ka. Ku tare direban da ya kwashe kwanaki a hanya, ku tambaye shi bindiga nawa ya gani tun daga Ngaundare har Duwala. Zai ce muku ya daina ƙirgawa, kuma kusan dukkansu a kafaɗar mai kaki suke. Wannan bai dame shi ba sosai, shingen bincike ya san shi, ya san gaisuwarsa. Abin da ke sa gabansa faɗuwa shi ne mai kakin da ya gani a bayan ɗan benskin, wato ɗan acaɓa, da bindiga a cinya, ko zaune a bakin mashaya ya jingine ta a ƙafar tebur. Ɗan kasuwar da ya ɗaure cinikin mota guda a ƙugu ba zai iya matsawa ya ce, "Shef, kana bakin aiki ne ko ka tashi?" ba. Sai dai ya ratse ta wani lungu.

Daga nan ku biyo mai kakin zuwa gida. Ba kowane ƙaramin soja ne ke da ɗaki a bariki ba, da yawansu haya suke yi a cikinmu. Wanda ya san unguwar New Bell ya san irin gidajen: tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere, bango sau da yawa na katako, wanda in maƙwabci ya yi tari kana ji. A irin wannan ɗaki ina za a ajiye bindiga ƙirar AK? Ƙarƙashin katifa, ko bayan akwati, ko saman kwaba. Yaran gidan kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, duk ɗakin da suka samu a buɗe nasu ne. Harsashin wannan bindiga katako ba ya tare shi. In ya tashi daga ɗakin soja, a ɗakin tela zai sauka.

Sojan yana da tasa hujjar, kuma ba za mu yi masa rashin adalci ba. Tun 2014 ake gwabzawa da Boko Haram a Arewa Mai Nisa, tun 2017 kuma ake ɗauki-ba-daɗi da 'yan aware a Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma. A can, kaki kaɗai ya isa a farauci mutum. Sai ya ce maka: ka raba ni da makamina da yamma, ka tura ni gida hannu rabbana, wa zai kare ni? A Kumbo ko Kolofata wannan magana tana da nauyi, ba kuma mu ne za mu koya wa kwamandan fagen daga aikinsa ba. Amma Duwala ba fagen daga ba ce. A garin nan, bindigar da ke ɗakin haya ita ce ma take jawo ɓarawo, domin a wurin ɗan fashi ta fi duk abin da ke ɗakin daraja.

Akwai kuma wanda bindigar gida ta fi yi wa haɗari, shi ne mai ita. Wannan ba hasashe ba ne, ƙasashe sun gwada. A 2006 rundunar Isra'ila ta hana sojojinta tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako, masu bincike suka gano yawan sojojin da ke kashe kansu ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. A Suwizalan, inda ajiye bindigar soja a gida tsohuwar al'ada ce, an yanke shawara a 2007 a daina ba sojoji harsasai su tafi da su. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 2011 kan a mayar da bindigogin kansu ma'ajiya, kashi 56 cikin ɗari suka ƙi. Wato gardamar ba a nan kaɗai take da zafi ba. A Amurka ma, wani kwamiti ya ba ma'aikatar tsaro shawara a 2023 cewa wanda zai sayi bindiga a shagon bariki ya jira kwana 7 kafin a miƙa masa, ma'aikatar ba ta ɗauki shawarar ba.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Fushi da baƙin ciki tasowa suke kamar tafasar madara, in aka ɗan ja itace sai su kwanta. Mutumin da ya dawo daga daji ya ga gawar abokansa, barci ya ƙaurace masa, ga bashi, ga rigimar gida, in bindiga tana ƙarƙashin katifarsa minti ɗaya ya ishe shi. In kuwa sai ya hau babur ya je bariki, ya tsaya a tagar ma'ajiya ya sa hannu a littafi, to a hanya ma zuciya na iya sauka.

Kuma wannan tagar ita ce gaskiyar maganar, fiye da kwaɗon da ke ƙofa. Mai kula da ma'ajiya yana da lambar kowace bindiga, ya ƙirga harsashi lokacin fita, ya sake ƙirgawa lokacin dawowa, in ɗaya ya ɓace a yi bayani a rubuce. Ya kamata kuma a ba shi ikon kallon idon mutum ya ce yau kam ba zan ba ka ba, je ka ga likita. A watan Yulin 2017 a Kuseri, wani jandarma ya buɗe wuta ya kashe abokan aikinsa huɗu, har da kwamandansa. Ranar 14 ga Oktoba 2021 a Buya, wani jandarma a shingen bincike ya harbi motar da ke kai yara makaranta, ƙaramar yarinya ta rasu, jama'a suka far masa nan take suka kashe shi. Ma'aikatar tsaro da kanta ta amsa cewa abin da ya yi ya wuce kima. Waɗannan ba a ɗakin haya suka faru ba, ba kuma kwaɗo ne zai hana su ba. Suna nuna mana cewa wanda ake miƙa wa bindiga, da halin da yake ciki a ranar, abin dubawa ne kullum, ba ranar ɗaukar aiki kaɗai ba.

Wani zai ce to a tara su duka a ma'ajiya, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin ma'ajiyar ma sai an tambayi inda take. Ranar 27 ga Janairu 2002 rumbun makaman barikin Ikeja a Legas ya tarwatse, mutum sama da 1,000 suka mutu, akasarinsu a cikin magudanar ruwa suka nitse suna gudu. Ranar 4 ga Maris 2012 aka yi na Mpila a Barazabil, kusan mutum 300 suka mutu. Yarjejeniyar Kinshasa kan ƙananan makamai, wadda Kamaru ta amince da ita, ta fara aiki a 2017, har aka yi taron farko na ƙasashenta a Yawunde a 2018. Ta ɗora wa gwamnatoci sa wa makamansu alama, da rajistarsu, da kula da rumbunansu. Saboda haka idan sarakunan unguwanninmu da 'yan majalisarmu suka tambayi hukuma me aka jibge a barikokin da gari ya riga ya kewaye, ba shisshigi suka yi ba, alkawarin da aka sa wa hannu suke bi.

Maƙwabtanmu na Bata, a gaɓar tekun nan tamu, sun gani ranar 7 ga Maris 2021, lokacin da nakiyoyi suka tarwatse a wani bariki, inda fiye da mutum 100 suka hallaka. Shugaba Teodoro Obiang ya ce sakacin masu ajiye nakiya ne, da wutar da manoma suka sa a gonakin da ke kusa da barikin. Wutar gona ke nan. Mu kuwa a Duwala, kasuwar Kongo kaɗai ta sha gobara ba sau ɗaya ba, ga wayoyin lantarki a cukurkuɗe a kan kowane lungu.