Maganin Amai Ba Na Ganin Dama Ba Ne

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san aman da ke biyo bayan ƙarin ruwan magani shi ne ya fi karya wa majiyyaci gwiwa. Magani mai ƙarfi irin su cisplatin yakan sa fiye da mutum tara cikin goma amai, in ba a yi rigakafi ba. Dalili kuwa, maganin yana taɓa hanji, hanjin ya saki sinadarin serotonin, shi kuma ya kai wa ƙwaƙwalwa saƙon amai.

A da sai haƙuri. Amma a 1991 aka amince da ondansetron a Amurka, wanda ke tare wannan saƙo, kuma ya fi aiki in an haɗa shi da dexamethasone. A 2003 aka sami aprepitant, mai tsare aman da ke zuwa daga baya. Duka ukun suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wannan magana ta shafi mutanen Nguru da Gashuwa ƙwarai. Majiyyaci yakan tafi Kano ko Maiduguri a ɗura masa magani, ya juyo gida. To, aman nan na baya yakan taso ne daga kwana na biyu zuwa na biyar, lokacin da likita ya yi nisa. Ga zafin ƙasar, ga ƙarewar ruwan jiki, ga shi cisplatin da ma yana wahalar da ƙoda, a yankin da ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a. Wanda ya sha wannan wuya sau ɗaya yana iya ƙin komawa, cutar kuwa ba ta jira.

Saboda haka 'yan'uwa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal, masu aika kuɗin jinya gida, su sa kuɗin maganin amai cikin lissafi tun farko. A sha shi kafin a ɗura magani, a ci gaba da sha yadda likita ya tsara, kada a jira sai amai ya zo. In majiyyaci ya kasa riƙe ko da ruwa, a garzaya da shi asibiti.

Hukuma ita ma da nata. Wajibi ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da asibitin Gashuwa su kasance da waɗannan magunguna kullum, a farashin da talaka zai iya. Wanda aka sassauta wa wuya shi ne ke komawa ya ƙarasa magani.