Darasi daga aikatau ɗin Sifaniyanci

Kwanan baya a Kwanar Ɗangora wani ƙanena, wanda son Real Madrid ya jefa shi koyon Sifaniyanci, ya nuna mini kalmar comprar, wato saye. Gaɓoɓinta biyu ne: com da prar. Idan aka ce compro, aka danna murya a gaɓar farko, ma'anarta "ina saye". Idan aka mayar da nauyin kan gaɓar ƙarshe, aka rubuta compró, ta koma "ya saya". Haruffa ɗaya ne, ɗan karan da ke bisa wasali shi ya raba mai aiki da lokacin aiki.

Abin ya sa ni tunanin namu harshen. Hausa ba ta dogara da danna gaɓa ba, karin sauti da tsawon wasali su ne jarinta, amma ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna ko ɗaya. Mai karatu, idan ka ga an rubuta "ya tafi Doguwa", labari ake ba ka cewa ya riga ya tafi, ko umurni ne a sa shi ya tafi? Haka gari na zama da gari na tuwo, da kukan jariri da kukar miya. Babba yakan gane daga zance. Yaron aji biyu a Kiru kuwa sai ya yi ta tuntuɓe, malami ya ɗauka daƙiƙi ne.

Ba ilimin muka rasa ba. Tun 1934 ƙamus ɗin Bargery ya nuna karin sautin kalmomi. A 1960 Parsons ya kasa aikatau ɗin Hausa giredi bakwai, inda saiwa ɗaya ke haifar da saya, sayo, saye, sayar da sayu. Sai dai wannan sani ya maƙale a jami'a, bai sauko firamare ba.

Ba na cewa a cika jarida da alamomi. Roƙona ga masu tsara manhaja shi ne a sa su a littattafan farko, a kuma koyar da gaɓa da sunayen da yaro ya sani: Be-be-ji, Do-gu-wa, Tu-dun Wa-da. A nan zai ji bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi da kunnensa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa masu abin su ji.