Taron Manya, da Rabon Ɗan Talaka

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ga wata magana da ta kamata mu duba, tun da ya ke mu ne za mu riƙe alli gobe. A cikin shekarar 2018 sarakunan Arewa suka taru a Kaduna, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, domin su yi shawara a kan yaran da ba su zuwa makaranta. Lalle wannan abin yabo ne, gama a ƙasarmu maganar sarki tana shiga zauren da takardar Gwamnati ba ta shiga. Amma mu a ganinmu, taro irin wannan ba ya cika sai an gyara abu uku.

Na farko, a duba waɗanda a ke kira. Sarki ya san ƙasarsa, amma dagaci da mai unguwa su ne suka san gidan da a ka haifi yaro, da gidan da yarinya ke fita da talla tun da sassafe. Malamin tsangaya kuwa shi ke kwana da almajirai, ya san abin da su ke ci da inda su ke kwanciya. In an yi shawara a kan almajiri ba da malaminsa ba, an yi aski ke nan ba mai kai. Haka kuma mata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta koyar da jajis, su kuma su ka bi ƙauyuka suna karantar da matan karkara, su ne a ke kira 'Yan Taru. Ashe ke nan karatun mata gadonmu ne, kuma bai kamata a zauna a kan maganar 'ya'ya mata ba tare da iyayensu mata ba.

Na biyu, a bi maganar kuɗi. Dokoki kam ba mu rasa su ba. An fara ilmin firamare kyauta a 1976. A 1999 a ka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuwa ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Dokar nan ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, amma da sharaɗi, watau jiha ba ta karɓar rabonta na gina makarantu sai ta ajiye nata daidai da shi. Saboda haka jihar da ta yi sakaci, sai kuɗin 'ya'yanta su zauna a Abuja, alhali yara suna karatu a ƙasa, aji babu rufi. Ga tambayar da ta dace da bakin sarakuna: jiharmu ta ajiye nata bana? Talaka yana jin nauyin yin wannan tambaya, amma sarki yana iya yinta.

Na uku, a waiwayi abin da a ka riga a ka yi. A 2012 an buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, a ka kuma gina irinta a wurare da dama. A 2023 an kafa hukumar ilmin almajirai da yaran da ba su makaranta. Kafin a ɗauki sabon alkawari, sai a kawo lissafin na baya: yara nawa su ka shiga, nawa su ka gama, malamai nawa a ke biya a kan kari.

Wani zai ce, mu ɗalibai mene ne namu cikin sha'anin manya? To, namu yana cikin aji. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, 'ya'yan sarakuna da malamai a ka fi nufa da ita. Yau ƙofa a buɗe ta ke ga kowa, amma malami yana iya rufe ta da halinsa. In ya zaunar da ɗan mai hali a gaba, ya ture mai yagaggiyar riga can baya, ko ya yi ta tambayar maza ya ƙyale mata, to ya ɓata abin da sarakuna su ka taru dominsa. Mu da mu ka fara da allo kafin boko mun sani, yaron da ya haddace izu 10 ba daƙiƙi ba ne don bai san baƙin boko ba. Ƙwaƙwalwarsa ta riga ta horu, hanya kawai ya ke bukata.

Saboda haka muna roƙon iyayen ƙasa, Allah shi ja zamaninsu, duk sa'ad da za a sake taruwa, a sa kowane mai unguwa ya zo da sunayen yaran unguwarsa, maza da mata, da inda kowa ke karatu, a kuma ba malamin aji da malamin allo wurin zama. Mu kuma mu ɗaura ɗamara tun muna nan, domin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah shi taimake mu, amin.