Arahar Lafiya A Kan Wuyan Manomi Take

Duk ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Abuja ko Jos zuwa Lafiya, abin da abokansa ke fara yi masa shi ne barka, wai ya tafi garin araha, inda doya ke zube a bakin hanya, shinkafa kuwa a bayan gari ake noma ta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Wanda ya taɓa yin cefane a kasuwar Wuse, sa'an nan ya zo ya tsaya a Agyaragu ran kasuwa ya ji yadda ake cinikin ƙwaryar doya, ba zai yi gardama ba. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, watau wa ke biyan kuɗin wannan araha? Domin kuwa kaya ba ya yin araha haka siddan, sai wani ya ɗauki asarar.

Kafin ran 1 ga watan Oktoba na 1996, lokacin da Janar Sani Abacha ya yanke Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, Lafiya garin sarauta ne da noma da fatauci. Lafiyar Barebari ke nan, wadda Muhammadu Dunama da jama'arsa suka kafa, ga tashar jirgin ƙasa a kan layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Makurɗi ya nufi Kafanchan, ga Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani kewaye da ita, kowa da gonarsa ko garkensa. A dare ɗaya aka mai da wannan gari hedkwatar jiha mai ƙananan hukumomi 13. Ma'aikatu suka tare, ma'aikata suka kwararo daga Jos da iyalansu, bankuna suka biyo baya. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da dubu 330 a Ƙaramar Hukumar Lafiya kaɗai. A 2011 aka buɗe Jami'ar Tarayya, ban da kwalejin kimiyya da fasaha wadda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Sarkin Lafiya Isa Mustafa Agwai, da kwalejin aikin gona, da sashen koyon aikin gona na jami'ar jiha a Shabu. Aka kuma ƙara da waɗanda tashin hankali ya koro daga ƙauyuka, tun daga rikicin Alakyo da Assakio na 2013 har zuwa faɗace-faɗacen manoma da makiyaya a yankunan Awe da Keana da Obi da Doma. Duk waɗannan bayin Allah wurin kwana suke nema.

To, a nan ne araha ta fara gudu. Gari ya miƙe ta hanyar Jos da hanyar Makurɗi da hanyar Shandam da hanyar Doma, ya cika Bukan Sidi da Tudun Gwandara da Sabon Pegi, ya leƙa Ombi da Akunza da Gandu inda ɗalibai suka yi sansani. Amma ba hukuma ce ta shata yawancin waɗannan unguwanni ba, dillalai ne da masu gonaki suka yanka fuloti yadda suka ga dama, aka gina ɗakuna jere kamar barikin leburori, ba magudanar ruwa, ba famfo, wani wurin ko hanyar da mota za ta shiga babu. Mai gida kuwa ba ya karɓar haya wata-wata kamar yadda ake biyan albashi. Kuɗin shekara guda yake so a dunƙule, ga la'adar dillali, ga wani abu wai kuɗin yarjejeniya. Ƙaramin ma'aikaci sai ya ci bashi ko ya jira kwasar adashi kafin ya sami makulli. In ya shiga kuma, ruwa sai ya saya wurin 'yan garuwa ko masu rijiyar burtsatse. Ba a ɗora wa masu gidaje laifin duka ba, gama buhun siminti ya kai naira dubu 10 a wurare da yawa a farkon 2024, wanda ya gina da tsada kuwa ba zai bayar da haya da araha ba. Sai dai abin da mutum ya rage a kan kwanon tuwo, ya mayar da shi da riɓi a kan ɗaki da ruwa.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a gani a take. Manomin da ke gefen gari, in dillali ya nuna masa kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba, sai ya sallama gonar gado. Kafin shekara biyu kuɗi sun bi ruwa, ya koma ɗan acaɓa a kan babur ɗin wani. Wanda ya sayi filin kuwa sau da yawa ba gini zai yi ba, katanga zai ja ya sa ƙofar ƙarfe ya koma Abuja, yana jiran farashi ya ninka. Filin bai zama gida ba, bai kuma ci gaba da zama gona ba.

Batun abin da ke shiga aljihu ba ya bukatar dogon bayani. An janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, a watan Disamba na wannan shekara kuma hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira dubu 30 zuwa dubu 70 a watan Yuli na 2024. Wannan na masu albashi ne. Mafi yawan mutanen ƙasar Lafiya ba su da ranar biya, ranarsu ita ce kaka. Kuma da Gwamnatin Tarayya ta ɗage kuɗin fito a kan shinkafa da masara da ake shigowa da su a 2024, farashin hatsi ya faɗi a 2025, mutanen birni suka yi hamdala, manomin da ya sayi taki da maganin feshi da tsada, ya biya 'yan ƙodago da tsada, ya tashi da kyar ya mai da uwar kuɗinsa. Arahar da ake yi wa baƙo barka da ita ke nan.

Sa'an nan a zo kan haraji, inda maganar ta fi nauyi. Dattawa ba su manta da zamanin En'e ba, lokacin da mai unguwa da dagaci ke bi gida-gida suna karɓar haraji a kan kowane baligi, jangali kuma a kan kowace saniya. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji da jangali, aka yi ta murna a ko'ina cikin Arewa. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Harajin da, duk da zaluncinsa, sau ɗaya ake biya a shekara, an san adadinsa, an san wanda ya karɓa. Na yanzu kullum ne, kuma ba shi da fuska. A bi buhun riɗi ko na agushi daga gona a Adogi ko Assakio. Akwai tikitin shiga kasuwa, da kuɗin wurin ajiya, da na awo, da na ƙungiya, da kuɗin lodi a tasha, da abin da direba zai miƙa a shinge bayan shinge kafin ya ga kwalta. Kowane ɗaya ƙanƙane ne, shi ya sa ba a yi masa zanga-zanga. Amma ɗan kasuwa ya riga ya lissafa su duka kafin ya taya kaya, ya zare su daga farashin da zai ba manomi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin mamaki, tun 1998 aka kafa dokar da ta jera irin harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta sa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. Wanda ya bi hanyoyin ƙauye ran kasuwa shi zai faɗi ko an ji wannan magana. Nawa ne kuma daga cikin kuɗin nan ke isa baitulmalin ƙaramar hukuma? Rasit ɗin da aka buga a shagon bayan kasuwa ba ya shiga littafin ma'aji.

A kan wannan aka zo aka ɗora kuɗin hanya. Ba wanda zai musa cewa tagwayen hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi, wadda kamfanin China Harbour ya gina da rancen bankin ƙasar Sin, alheri ce, musamman ga wanda ya san tsohon hawan dutsen Nasarawa Eggon da rayukan da ya ci. A watan Fabrairu na 2025 aka fara karɓar kuɗi a kanta, daga naira 500 ga ƙaramar mota har zuwa 1,600 ga manyan motoci a kowace ƙofa. Bashi ne, dole a biya. Aƙalla wannan kuɗi an san adadinsa, an ga kuma abin da aka yi da shi. Sai dai manomin da doyarsa za ta bi ta nan shi ma yana cikin masu biya, alhali hanyar da ta tashi daga gonarsa zuwa wannan kwalta, in damina ta yi nisa, babur ma sai an tura. Jirgin ƙasan da a da ke kwashe amfanin gona da rahusa ya daɗe da daina bi ta Lafiya.

Wani zai ce ai an gyara dokar haraji. Gaskiya ne. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokoki ran 26 ga watan Yuni na 2025, aka sa 1 ga watan Janairu na 2026 ta zama ranar fara aiki da su. A ƙarƙashinsu naira dubu 800 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kai, mai zaman haya kuma za a cire masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, har iyakar naira dubu 500, daga kuɗin da za a yi wa lissafin haraji. Wannan sauƙi ne ga malamin makaranta da akawu da ma'aikaciyar jinya, ba a raina shi ba. Amma matar da ke sayar da garin rogo a faranti, da mai tura baro, da ɗan acaɓa, ba su da takardar albashi da za a yi wa rangwame. Abin da suke samu a shekara wataƙila bai kai dubu 800 ɗin ba, ga shi kuwa suna yankan tikiti kowace safiya. Watau wanda doka ta ce ya yi ƙanƙanta da biyan haraji, shi ne ya fi kowa yawan biya.

Ba wai ana cewa hukuma ta zauna ba kuɗin shiga ba ne. Jihar da ke jiran kason wata-wata daga Abuja ba za ta iya kai ruwan famfo Ombi ba. Maganar ita ce ana tatsar akuya an bar saniya. Dukiyar da zaman Lafiya hedkwata ya haifar tana cikin ƙasa da gine-gine, watau otal-otal da gidajen mai da manyan shaguna da gidajen kwanan ɗalibai da fulotan da aka killace. Hanyar gwamnati da jami'ar gwamnati da tashar lantarki ta Akurba da aka buɗe a 2022 su suka ɗaga darajarsu, ba gumin masu su kaɗai ba. Tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma ikon ƙiyasta gidaje domin karɓar kuɗin gini, jiha kuma tana da hukumar NAGIS mai riƙe da taswira da takardun filaye. Amma wannan shi ne harajin da aka fi kau da kai daga gare shi, dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, masu waɗannan kadarori su ne masu faɗa a ji.

Akwai masu tsoron cewa in an sa wa gida haraji, mai gida zai juye shi a kan ɗan haya. Tsoron yana da tushe, saboda haka sai a san inda za a sa wuƙa. Gidan gado na cikin gari da gidan da mutum ke zaune da iyalinsa a ƙyale su. A fara da filin da aka killace shekara da shekaru ba gini ba shuka, gama shi ba ɗan hayan da za a ɗora wa, mai shi ko dai ya gina ko ya sayar, ko wanne ya yi kuwa ɗakuna sun ƙaru. Haka nan akwai kuɗi a can gefen jihar, a Mararaba da Masaka da sauran ƙasar Karu, inda dubban ma'aikatan Abuja ke kwana. A bisa doka harajin albashi na jihar da mutum ke zaune ne, ba inda ofishinsa yake ba. Bin wannan haƙƙi har a karɓo shi cikakke ya fi bin mai tallan gyaɗa riba, sai dai ya fi wuya, domin yana bukatar rajista da lissafi da haƙuri, ba matasa da sanda a bakin kasuwa ba.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko yaya aka ƙare da cika wannan hukunci, shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa suna da abin da za su iya yi ba tare da jiran kowa ba. Su haɗa tikitocin kasuwa su zama guda ɗaya, a rubuta adadinsa a allo a ƙofar kasuwa da Hausa da Turanci yadda kowa zai gani. Su kwashe shingayen hanyoyin ƙauye. Su liƙa abin da kasuwar shanu ta Shinge da kasuwar Assakio suka tara kowane wata a bangon sakatariya. Gwamnatin jiha kuma ta riga dillalai isa bayan Gandu da Kwandare, ta shata fuloti ƙanana masu hanya da magudana, ta biya masu gonaki diyya ta gaskiya, ta kuma bar musu wani kaso na fulotan da sunansu a kan takarda.