Kafin a Je Wurin Tela, a Tambaye Mu

Mu ne ɗaliban babban aji, masu shekara goma sha uku zuwa sha bakwai, kuma muna neman izini mu faɗi wata magana a kan kayan Sallah. Idan mun wuce gona da iri, a yafe mana.

Kowa a Yakite ya san yadda goman ƙarshe na azumi take. Kasuwar Kilomita Biyar ta cika maƙil, teloli ba sa barci, Baba yana lissafi da yatsu. Shaddar nan da atamfa da takalma ba a Bangi ake yin su ba. Yawancinsu daga Duwala suke tasowa, su bi ta Garwa-Bulai da Beloko, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a bayan manyan motoci, kuma kowane shinge da suka wuce sai ya ƙara musu kuɗi. Duk wannan wahala a kan kayan da za mu yi ado da su kwana uku, wani ma kafin Babbar Sallah wandon ya ɗage masa.

Ba muna cewa a daina ɗinki ba ne. Ado ranar Idi abu ne mai kyau a addini, kuma ƙannenmu ƙanana a bar su da murnarsu. Ra'ayinmu dai shi ne, wanda ya kai shekarunmu kaya ɗaya ya ishe shi. Kuɗin na biyun a saya masa abin da zai kai shi wata Sallar yana amfani da shi. Ga abubuwan da muka tattauna muka yarda a kansu.

Na farko, takardar haihuwa. Wani zai yi dariya ya ce wannan kuma kyauta ce? Wallahi ita ce babba. Tun rikicin da ya ɓarke a Disamba 2013 gidaje da yawa suka rasa takardunsu, wasu sun ƙone, wasu an bar su a unguwannin da aka gudo. Wasunmu kuma an haife su a lokacin da fita daga unguwa zuwa meri kasada ce. Yau ga shi mun girma, kuma ba a shiga jarrabawar Brevet ko ta Bak sai da ita, ba a samun katin ɗan ƙasa sai da ita. Wanda ba shi da takarda, ko kakansa a nan aka binne shi, sai a tare shi a hanya a ce masa baƙo. Idan wa'adin rajista ya wuce sai an bi ta kotu, akwai kuɗi, akwai zirga-zirga. Baba, Kawu, wannan zirga-zirgar ita ce barka da Sallar da muke so.

Na biyu, fitila mai caji da hasken rana. Wutar da ke zuwa daga Bowali tana zuwa ne ta tafi, ba ta sallama. Mu kuwa karatu biyu muke ɗauke da shi: lekol da safe, islamiyya da yamma. Lokacin tilawa da aikin gida bai wuce tsakanin isha'i da barci ba. Tocilan mai batir kullum sai an ciyar da ita, kyandir kuma kowa ya san abin da yake yi wa gidan sauro. Fitilar rana sau ɗaya ake saye.

Na uku, littafi na kanmu. Mu uku a kan Alƙur'ani ɗaya, idan mai shi ya yi fushi karatu ya tsaya. Muna son kowa ya mallaki mus'hafinsa, da Ahalari ko Iziyya ko Risala gwargwadon inda ya kai. A haɗa da ƙamus na Faransanci. A gida muna Hausa ko Fulatanci ko Larabci, a titi muna Sango, amma takardar jarrabawa Faransanci kaɗai take ji.

Na huɗu, kayan sana'a. Mai koyon ɗinki a saya mata almakashi mai kyau da tef na awo. Mai zuwa garejin babur a saya masa sifanu nasa na kansa. Mai sha'awar gyaran waya a biya masa kuɗin koyo wurin amintaccen maigida. Mun ga yayyenmu da zaman banza ya kai su inda iyayensu suka yi kuka, ba sai mun faɗi suna ba. Hannun da ke riƙe da sifana ba shi da sararin riƙe wani abu.

Na biyar, daga ɓangaren 'yan mata. Akwai abin da muke buƙata kowane wata wanda kunya ba ta barin mu faɗa wa Baba, kuma rashinsa yana sa wasu fashin makaranta. Inna ta gane, Gwaggo ma ta gane. A sa shi cikin lissafi, ko da lalle da sarƙa za su ragu.

To, saura waya, don mun san ita kuke jira mu ambata. Gaskiya muna so, ba za mu ɓoye ba. Akwai karatun malamai a ciki, kuma da ita ake gaisawa da 'yan'uwan da ke Chadi da Kamaru. Amma mun kuma ga yadda saƙon ƙarya guda ɗaya ke sa a rufe shaguna kafin azahar. Shawararmu ita ce waya ɗaya ta gida, a ajiye ta wurin Inna da dare, kuma kowa ya san lambar buɗe ta. Wanda ya nuna hankali shekara guda, sai a duba maganar tasa.

Wataƙila wani uba ya ce, yaro ne zai tsara wa babba abin da zai ba shi? A'a. Kyauta ba bashi ba ce, kuma duk abin da kuka ba mu za mu karɓa da hannu biyu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayar minti biyar kafin a je kasuwa za ta iya hana asarar jaka goma.

Abu na ƙarshe ba namu ba ne. A kowane aji akwai marayu, akwai waɗanda iyayensu ba su dawo ba har yanzu. Su ba su da wanda za su rubuta wa irin wannan takarda. Wanda Allah Ya hore masa, idan zai sayi fitila ya sayi biyu, ya miƙa wa Malam ɗaya a ɓoye. Malam ya san mai ita.