Zuwa ga Masu Yanka Filaye a Kano



Na san gona in ta shigo hannunku dole a fitar da uwar kuɗi da riba, ba ni da ja. Maganata a kan abin da igiyarku ke bar wa mutane ne bayan kun karɓi la'ada kun yi gaba.

Ku shiga unguwannin awon igiya, irin wasu sassan Kurna da Rimin Kebe da Ɗorayi, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Fuloti hamsin-hamsin an raba shi biyu, an gine shi kaf, tsakar gidan ma an rufe da kwano. Taga ɗaya ce, ita ma bangon maƙwabci take kallo. Nan uwargida za ta wuni da yara, da dare ba wuta sai ƙarar janareta. Wanda ya jera mako bai yi barcin kirki ba, ƙaramar magana sai ta zame masa faɗa. In matar ta fara kuka ba dalili, a ce iskokai ne, alhali iska ta rasa.

Agusta kuma wata fargabar ce. Kududdufin da ke shanye ruwan unguwa an cike shi an sayar, don haka da hadari ya haɗu gaban maigida ke faɗuwa. Maƙwabta nawa suka daina gaisawa a kan kwata?

Za ku ce cikin birni ma lunguna ne. Haka ne, amma can akwai zaure da dakali da dandali, inda mutum zai zauna ya amayar da abin da ke cin sa. Dattijon da ba shi da wurin zama a ƙofar gida, ɗaki yake komawa ya yi ta saƙe-saƙe. Samari kuwa in babu filin ƙwallo, kango suke nema, kun kuma san abin da ake sha a kango.

Filin masallaci ba kwa mantawa da shi, Allah ya saka da alheri. Ku ƙara fuloti ɗaya a gefensa, a dasa darbejiya biyu ko uku, a rubuta cewa na unguwa ne, mai unguwa ya sa hannu don kada magada su taso daga baya. Hanya kuma ku bar wadda motar kashe gobara za ta shiga, makara ta juya ba tare da an karkata ta ba. Taswirar filayen ku kai wa hukumar tsara birni ta KNUPDA tun kafin a kafa turaku, ba sai jan fenti ya hau bangon talaka ba.

Wassalam.