Fawa Bayik, Boxer Ko Roba-roba: Wanne Zai Kai Ka Ya Dawo Da Kai Gida?

Yau za mu ɗan ajiye batun waya mu taɓa maganar babur, duk da dai ita wayar ce ta jawo zancen. Duk mai hawa TikTok ko YouTube ya san bidiyoyin nan na matafiya a kan manyan babura, waɗanda muke ce wa fawa bayik, an ɗaura akwatuna gefe da gefe, ana keta ƙasa bayan ƙasa. Matashi zai kalla da daddare, da safe ya nufi wajen 'yan babura a Fagge yana tambayar ɗan Kwatano mai babban inji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin mota ya sa mutane da yawa na tunanin mallakar babur ɗin da zai kai su Zariya, Katsina ko Daura ba sai sun shiga tasha ba.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake: idan babur ɗin tafiya kake nema, ka fara da tambayar wa zai gyara shi a hanya, sannan ka saurari inji, kyau ya zo daga ƙarshe. Yawancinmu kuwa daga ƙarshen muke farawa.

Wajen kyau babu gardama. Irin su Kawasaki Ninja 1000SX, Yamaha Tracer 9 da Suzuki GSX-S1000GT an yi su ne don doguwar tafiya cikin sauri. Robar da ta rufe gabansu da gilashin nan ba ado kaɗai ba ne, su ke tare iska, kuma duk wanda ya taɓa kama hanyar Katsina da sanyin asuba lokacin hunturu ya san amfaninsu. Boxer kuwa, ko ka wanke shi ka goge, kamannin acaɓa ne da shi, ga shi tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano. Roba-roba, irin su Lifan, Jincheng da Haojue, su ne na gayu a cikin gari, ka sa shaddarka ka hau ba tare da ta ɓaci ba. Sai dai ka riƙe abu ɗaya: robar babban babur idan ya faɗi sau ɗaya ta tsage, ba a Sabon Gari za ka samo ta ba. Ko a yi mata ɗinki da waya, ko ka jira saƙo daga waje.

Inji ne inda hira ta fi daɗi. Ninja 1000SX silinda huɗu gare shi, cc 1043, ƙarfinsa ya kai doki 140. Muryarsa siririya ce, yana tafiya sumul, kuma sai ka murɗa shi sosai yake nuna halinsa. Tracer 9 silinda uku ne, cc 890, yana da gurnani, da ka taɓa totur ya zabura. Masu silinda biyu irin Kawasaki Versys 650 da Honda CB500X sun fi haƙuri, suna ja tun daga ƙasa, ba sa neman sai ka yi gudun ganganci kafin ka ji daɗinsu. Akwai ma na BMW da Turawa ke kiran injinsa boxer saboda silindojinsa biyu suna kwance suna ba juna baya, amma ba shi da haɗi da Boxer ɗinmu na kamfanin Bajaj na Indiya, suna ne kawai ya zo ɗaya.

To ka ɗauki wannan doki 140 ɗin ka shiga France Road da azahar, tsakanin Adaidaita Sahu da masu tura baro. Giya ɗaya da biyu za ka yi ta yi, fankar lagireto tana hura maka zafi a cinya, hannun hagu ya gaji da matse kuloci, ga nauyin sama da kilo 230 da za ka riƙa tokarewa da ƙafa. Idan ka fita bayan gari ma, ina za ka sake shi? Rami, shanu, tirela da ta tsaya ba alama, ga tudun rage gudu a kusan kowane ƙauye.

Boxer 150 silinda ɗaya ne, cc 145 ba kaɗan, doki 12 kacal, iska ce ke sanyaya shi. Abokin gasarsa TVS HLX shi ma ɗan Indiya ne, kuma halinsu kusan ɗaya. Ba zan yi masu ƙarya ba: da ka haura gudun kilomita 80, hannu da ƙafa za su fara ɗaukar karkarwa, wuce tirela sai da lissafi, yawancinsu birkin ganga ne, fitilarsu kuma ba ta tafiyar dare ba ce. Amma za su yi yini guda suna tafiya a 70 ba su yi ƙorafi ba, da kai da jakarka da buhun tsarabar da aka ɗaura maka. Roba-roba mai cc 110 tsarin Honda Super Cub na 1958 aka bi aka ƙera shi, inji ne mai juriya da rashin shan mai. Matsalarsa tanki, wajen lita 4 ne, alhali na Boxer 150 lita 11. Zuwa Wudil ko Bichi lafiya lau. Fiye da haka sai ka zama abokin cinikin 'yan bumburutu.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani, ɗan uwa, wato gyara.

Boxer da roba-roba galibi kafireta gare su. Idan ka sha gurɓataccen mai suka fara tari, bakanike zai kwance kafiretar a gindin bishiya, ya wanke da fetur, ya hura, ya mayar, ka ci gaba da tafiya. Babban babur na zamani allurar mai yake amfani da ita, akwai famfo a cikin tanki, akwai na'urori masu auna iska da zafi, duk suna kai rahoto ga ƙwaƙwalwar inji. Datti kaɗan a mai zai iya toshe allurar ko ya kashe famfon. Wuta ta kama a allon gabanka, sai an jona shi da kwamfuta kafin a san ciwon. A Kano za ka samu masu wannan aikin, amma ba su da yawa, kuma ba a Kwanar Ɗangora suke zaune ba. Mafi muni shi ne bakaniken da bai sani ba kuma ba zai ce bai sani ba, ya shiga yanka wayarin yana gwaji.

Taya ma haka. Tayar baya ta Ninja faɗinta milimita 190, ba ta da tub, robarta mai laushi ce don ta kama kwalta, shi ya sa take saurin cinyewa. Kuɗin guda ɗaya zai saya wa Boxer tayoyi gaba da baya har a yi canji. Wilinsa na zubi ne, idan ya daki rami ya lanƙwashe ko ya tsage, shi ke nan. Boxer mai wilin sifoki kuwa ɗaure shi ake yi ya miƙe. Fulogi huɗu maimakon ɗaya, baƙin mai kusan lita 4 a kowane juye maimakon lita 1, shi ma ba kowane iri ba. Fetur kuma ninki biyu zuwa uku na abin da Boxer zai sha a tafiya ɗaya. Duk wannan ba a maganar cewa ɗan Kwatano ne, ba ka san wahalar da ya sha ba kafin ya iso hannunka, lambar kilomitar da ke allonsa kuma ana iya juya ta.

Kayan Boxer, daga fistin da ringi zuwa cen da sifoket, za ka same su a Fagge, a Sabon Gari, a Ƙofar Ruwa, har a kasuwar ƙauye ranar cinta. Abin lura shi ne jabu ya yi yawa, kwali iri ɗaya, kaya daban. Ka riƙe shago ɗaya da ka yarda da shi, kuma idan aka ce maka akwai mai lamba ɗaya da mai lamba biyu, a kan birki da taya kada ka yi rowa.

Wani zai ce ai Kunle Adeyanju ya taso daga Landan har Legas a kan babur a 2022, kwana 41, yana wayar da kai kan cutar shan inna. Haka ne. Amma duba abin da ya hawa: Honda CB500X, silinda biyu, cc 471. Bai ɗauki mai cc 1000 ba. Don haka idan zuciyarka ta kafe sai babba, kuma aljihunka zai ɗauka, nan nake ba ka shawarar ka tsaya, tsakanin 500 da 650, mai silinda biyu, mai ɗan tsayi daga ƙasa. Kafin ka biya, ka nemo bakaniken da zai riƙa duba shi, ka tafi da shi wajen ciniki, a tayar da injin yana sanyi a gabanku.

Shi ma Boxer yana da nasa ciwon kan da ba na inji ba. Ɓarayi suna son sa don yana da saurin shiga kasuwa, saboda haka ka sa masa na'urar bibiya da za ka riƙa gani a wayarka, ka ƙara da kwaɗo. Sannan matsalar 'yan bindiga ta sa an sha kafa dokar taƙaita hawa babur a wasu yankunan Zamfara, Katsina da Kaduna, kuma irin wannan babur ɗin jami'an tsaro suka fi sa wa ido. Kafin ka kama hanya ka kira wani a garin da za ka ka ji halin da ake ciki, takardun babur su kasance a jikinka da hotonsu a waya, ka sa hular kwano, kuma ka lissafa tafiyarka yadda za ka sauka kafin magariba.